Yadda Ake Haɗa Kayan Ƙaura Zuwa Ƙasar Waje: Abin Saye, Abin Aikawa da Abin Bari

Da zarar biza ta fito wa mutum a Gombe ko Bauchi, kafin ya gama murna masu shawara sun yi masa caa. Gwaggo ta ce a yi masa kilishi da man shanu, aboki ya ce ya shiga gwanjo ya kwashi rigunan sanyi, uwargida kuma tana kallon kayan ɗakinta tana lissafin abin da ba za ta iya bari ba. Na daɗe ina taya 'yan'uwa da abokan arziki wannan haɗin kaya, daga ɗalibai masu zuwa Masar da Maleshiya, zuwa likitoci da nas-nas masu aiki a Saudiyya da Ingila. Abin da nake fara gaya wa kowa shi ne kowane kilo kuɗi ne. Kafin abu ya shiga jaka sai ya cika sharuɗɗa uku: doka ta yarda da shi, babu shi a can ko yana da tsada ƙwarai, kuma za a yi amfani da shi a watannin farko.

Kayan aiki

Sikelin rataye na hannu, irin wanda ake saƙala wa jaka a ɗaga. Idan babu, sikelin awon mutum ya isa: ka hau kai kaɗai, ka sake hawa rungume da jakar, ka cire na farko daga na biyu. Sai tef ɗin tela, salatif mai faɗi, alƙalamin maka, ledoji masu zif, robobi masu murfin murɗawa, kwalaye masu kauri, ƙananan kwaɗuna, fayil ɗin roba na takardu, da littafi guda wanda za ka riƙa rubuta duk abin da ya shiga kowace jaka. Akwatuna ka sayi marasa nauyi, domin wani akwatin shi kaɗai ya cinye kilo biyar ko shida tun ba a sa masa komai ba. Jakar gana-masgo ba ta da nauyi, amma wasu kamfanonin jirgi sun daina karɓar ta. Na Habasha ya hana ta a ƙarshen 2023. Ka tambaya tukuna.

1. Karanta tikiti da dokar ƙasar kafin ka taka kasuwa

Yawancin tikitin Turai da Amurka daga Nijeriya jaka biyu ake bayarwa, kowace kilo 23, da ta hannu mai kilo 7 ko 8. Akwai tikiti mai araha da ba ya ba da jaka biyu, don haka abin da ke rubuce a naka shi ne hujja. Jaka ɗaya ba ta wuce kilo 32 ko da ka yarda za ka biya. Ga wani tarko da ke kama mutanenmu: jirgin ƙasar waje daga Kano, Abuja ko Legas yake tashi, kuma jirgin cikin gida da zai ɗauke ka daga filin jirgin Lawanti na Gombe ko na Tafawa Ɓalewa a Bauchi bai cika ba da awo mai yawa haka ba. Mai kaya da yawa gara ya bi mota, ya isa da kwana guda a hannu.

Daga nan ka buɗe shafin intanet na kwastan ɗin ƙasar da za ka, ka karanta abin da suka hana. Kada ka dogara da "wane ya wuce da shi bara". Wane ya yi sa'a ne kawai, kuma dokoki suna canjawa.

2. Takardu, tun da sauran lokaci

Wannan ne kayan da ba a saye a can ko nawa gare ka. Fasfo mai sauran wa'adi, katin rigakafin shawara, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ga kowane yaro, katin rigakafin yara, sakamakon WAEC ko NECO, takardar digiri da ta bautar ƙasa, takardar shaidar hali daga 'yan sanda idan an nema, da lasin tuƙi. Mai zuwa Ingila zaman da ya wuce wata shida sai ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, kuma takardar wata shida take aiki.

Abu biyu ne ke ba mutanen yankinmu wahala. Na farko takardar aure. Da yawanmu a masallaci ko ƙofar gida aka ɗaura, shaidu suka shaida, aka watse ba takarda. Ofishin jakadanci kuwa takarda yake nema, to a je kotun shari'a ko wurin rajistar aure a yi ta tun yanzu. Na biyu bambancin suna: Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar makaranta, Mamman a ta haihuwa. A yi takardar rantsuwa a kotu da ke nuna mutum ɗaya ne. Idan ƙasar tana neman a tantance takardun karatu, hanyar ita ce Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sai ofishin jakadancin ƙasar. Cikakken sakamakon jami'a, ko daga Jami'ar ATBU ta Bauchi ne, ko Jami'ar Jihar Gombe, ko ta Tarayya da ke Kashere, ka neme shi tun kana nan, ka fi kowa iya bin sawun abinka.

Kowace takarda ka yi mata kwafi biyu, ka ɗauke ta hoto ka tura wa kanka ta imel. Na asali a jakar hannu suke tafiya. Ba a sa su a kago, wato kayan da ake aikawa daban, ba a sa su a jakar awo.

3. Raba kayan gida huɗu

Ka share ɗaki guda, ka yi tsibi huɗu: na jakar hannu, na jakar awo, na aikawa, da na bari. Duk abin da za a buƙata a mako biyun farko yana tare da kai. Abin da zai iya jira wata ɗaya ko biyu shi ne na aikawa. Gado, katifa, kujeru, firij, janareta, kafet da kwanukan jere duk na bari ne. Na san wannan yana yi wa mata ciwo, musamman amaryar da iyaye suka sha wahala kafin su yi mata kayan ɗaki. Amma kuɗin kai su ya fi kuɗin sayen wasu a can, ga shi gidajen haya da yawa a Ingila da ƙasashen Larabawa da kayansu ake ba da su, ɗakunan Turai kuma ƙanana ne, gadonmu ba lallai ya bi ta matakalarsu ba. A sayar, ko a ba amintacce ajiya da rubutaccen lissafi.

4. Cefanen abinci

Nan ne ake samun riba, nan ne kuma ake tafka asara. Manyan biranen Turai da Amurka suna da shagunan 'yan Afirka, amma akasarin kayansu na kudu ne: garin kwaki, doya, manja, agushi. Waɗannan kada ka wahalar da kanka, za ka samu. Abin da ke wuya shi ne namu na Arewa, kuma Allah ya taimake mu yawancinsa busasshe ne marar nauyi: kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, zogale, daddawa, kanwa, yaji, kimba, masoro, tsamiya, zoɓo, garin kunu, garin ɗanwake, da ƙuli-ƙuli. Kilo ɗaya na kuka zai kai ƙaramin iyali wata da watanni. Citta, kanumfari da tafarnuwa kuwa ko'ina akwai su a shagunan Indiyawa da Larabawa, kaɗan ya isa.

A Bauchi kasuwannin Muda Lawal da Wunti sun wadatar, a Gombe kuma babbar kasuwa da Tudun Hatsi. Ka saya da saura kamar mako biyu, don a samu lokacin gyarawa. A tsince, a sake shanyawa har ya bushe ƙayau, a niƙa abin da ake niƙawa. Niƙaƙƙen abu ya fi wanda ba a niƙa ba wucewa a wurin bincike, domin abin da suke tsoro shi ne iri mai tsira da ƙwari. Bayan niƙa a ƙulle a leda a sa a firiza kwana uku zuwa huɗu, sanyi zai kashe ƙwan ƙwari. Inda wuta ba ta tsayawa, a kai wa masu ƙanƙara, ko a ɗan soya garin sama-sama a busasshen kasko. Don Allah kada a kusanto da fiya-fiya ko ƙwayar maganin rumbu kusa da abincin tafiya. Irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015.

Kowane ƙulli a leda mai nuna abin da ke ciki, a rubuta sunansa da Turanci a jiki. Farin gari ko kore marar suna yana jawo tambayoyi tun daga jami'an NDLEA a filin jirginmu. Daddawa a niƙa ta, leda uku, sannan cikin roba mai murfi, a zagaye murfin da salatif, kuma a nesanta ta da sutura, in ba haka ba shaddar Juma'a za ta yi wata tana ba da labarinta. Idan kayan abincin da yawa ne kuma ta kago za su bi, hukumar NAQS mai kula da lafiyar kayan gona ce ke duba su ta ba da takardar lafiyar tsirrai. Ka ce wa ejan da zai aika maka kayan ya nuna maka ita.

Yanzu abin da ba a ɗauka. Kilishi, dambun nama, man shanu, cuku da duk dangin nama da nono ba sa shiga Ingila ko Tarayyar Turai daga Nijeriya a jakar fasinja. Amurka ma ba ta karɓar naman, har dunƙulen miya mai ɗauke da sinadarin nama ana ƙwacewa, kuma ta hana shinkafa daga ƙasashe da dama, har da tamu, saboda wani ƙwaron hatsi. Ingila ta yarda da busasshen kifi da aka cire wa ciki har kilo 20, da zuma har kilo 2. Goro kuwa kada ya bi ka Saudiyya. Duk shekara hukumar alhazai tana nanata wannan gargaɗi. Manja da man gyaɗa kamfanonin jirgi da yawa ba sa karɓa, kuma in suka fashe sun gama da jakar. Idan ka sauka aka tambaye ka ko kana ɗauke da abinci, ka ce e, ka nuna. Wanda ya faɗa, iyakarta a karɓe abin da bai halatta ba. Wanda ya ɓoye aka gani, tara ce, kuma sunansa ya shiga kwamfuta.

5. Sutura da kayan ibada

Ɗinki shi ne abin da ya kamata ka kashe wa kuɗi a gida. Tela a can yana da tsada, wanda ya iya aikin wuyan kaftani ko babbar riga kuma sai an tona. Ka kai shadda da yadi wurin telanka da saura wata guda aƙalla, ka gaya masa ranar da ta riga ranar tafiya da mako biyu. Maigida kaftani huɗu ko biyar da babbar riga ɗaya don Idi da ɗaurin aure, da huluna. A cusa safa a cikin hular don kada ta lanƙwashe. Uwargida atamfa da leshi ɗinkakku, hijabai, mayafai da ɗankwali. Yara a ɗinka musu da ɗan girma. Ka bar awonka wurin tela don aike na gaba.

Kayan sanyi kuwa saiti ɗaya kawai za ka saya a nan: rigar sanyi mai kauri, hular sanyi, safar hannu da takalmi rufaffe, su ma a jakar hannu, don ka sa kafin ka fita daga filin jirgi. Hunturun Disamba a Bauchi ba ya kama ƙafar sanyin Kanada, inda awo ke sauka ƙasa da sifili da digiri 20 ko fiye. Rigar da aka yi don wannan sanyi a can ake samunta, kuma shagunan gwanjonsu suna da araha. Mai zuwa Saudiyya, Ƙatar ko Dubai kada ya ɗauki jallabiya da abaya da yawa, can ne gidansu.

Wanda ya yi karatun allo da Warsh ya tafi da Alƙur'aninsa, domin masallatan can galibi bugun Hafs ne. Sallaya marar nauyi da buta ta roba su ma su shiga. Turaren wuta, lalle, sabulun salo da man kaɗe duk suna tafiya a jakar awo. Humra a kwalaben da ba su wuce rabin lita ba, jimilla kada ta haura lita biyu, a naɗe kowace da tsumma. Gawayin kunna turare an hana shi a jirgi gaba ɗaya.

6. Kayan wuta da na kicin

Wutarmu bolt 230 ce, da filogi mai ƙafa uku masu faɗi. Haka take a Ingila, Maleshiya, Saudiyya da Dubai, don haka kayanka za su yi aiki. Jamus, Faransa, Turkiyya da Masar ƙarfin wutar kusan ɗaya ne, ramin soket ne ya bambanta, ƙafa biyu zagayayyu, adafta ta wadatar. Amurka da Kanada kuwa bolt 120 ne: dutsen guga, bilenda da butar lantarki na nan ba za su yi aikin kirki ba, a bar su. Cazar waya da ta kwamfuta ka duba jikinta, idan an rubuta 100-240V ko'ina za ta yi. Dabara mai sauƙi ita ce ka tafi da doguwar soket ɗaya tamu mai ramuka huɗu da adafta guda, duk cazojinka su hau.

A kicin ƙananan abubuwa ne ake kewa: muciya, maburgi, rariyar tankaɗe, ƙaramin turmi, da tandar masa ta ƙarfe. Ɗan Bauchi dai ba ya buƙatar a tuna masa da tanda. Ta ƙasa tana fashewa, kuma yawancin murhun can na lantarki ne mai shafaffen kai, don haka mai shimfiɗaɗɗen gindi za ka nema. Tukwane da faranti a saya a can.

7. Magani

Mai hawan jini, ciwon suga, asma ko sikila ya tafi da maganin da zai kai shi ya yi rajista da likita a can, a cikin kwalinsa na asali, tare da wasiƙar likita mai ɗauke da sunan maganin da adadin da ake sha. Ingila ba ta yarda a shigo da fiye da na wata uku na magungunan da ake sa wa ido ba. Tiramadol da maganin tari mai kodin suna kai mutum kurkuku a Masar, Dubai da Saudiyya idan ba izini, hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya kuma yana kaiwa ga kisa. Sassaƙe da garin magani na gargajiya marasa suna a bar su a gida. Ka ga likitan haƙori, ka yi tabarau biyu kafin ka tashi, domin waɗannan biyun suna cin kuɗi a waje. Zazzaɓin cizon sauro kan iya tashi bayan an sauka. Duk wanda jikinsa ya yi zafi a makonnin farko ya gaya wa likita daga Nijeriya ya zo.

8. Zaɓen hanyar aikawa

Hanya huɗu ce. Ƙarin jaka a tikitinka ita ce mafi sauƙi ga mai rarar kilo 20 zuwa 40, kuma saye ta intanet kafin ranar tafiya ya fi araha a kan biya a kanta. Kagon jirgin sama ya dace da kwalaye kaɗan, yana isa cikin kwanaki zuwa mako biyu. Kamfanonin aike irin su DHL na takardu ne da ƙananan abubuwa. Jirgin ruwa daga Apapa ko Tin Kan na mai kaya da yawa ne, yana ɗaukar makonni har wata biyu ko fiye, ga kuɗin mota daga Gombe zuwa Legas. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin kusan kubik mita 33; iyali kaɗan ne ke buƙatar haka, sauran ɗaukar Dala ba gammo ne.

Ka san yadda ake awon kago, don kada a ba ka mamaki. Ba nauyi kaɗai ake dubawa ba, har da girman kwali. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 6,000, kamfanonin aike kuma da 5,000. Kwali mai 60 da 50 da 40 ya zama kilo 20 ke nan, ko 24, ko da filo ne a ciki. Wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli shi za ka biya. Shi ya sa bargo da filo ba kayan kago ba ne.

Ka nemi farashi daga ejan uku a rubuce, ka yi wa kowanne tambaya iri ɗaya: har ƙofar gida ne, ko filin jirgi? Wa zai biya kuɗin fito da na ajiya a can? Farashi mai araha sau da yawa a filin jirgi yake tsayawa, kuɗin ajiya kuma kullum ƙaruwa yake. Ka je ofishinsu da ƙafarka, a auna a gabanka, ka karɓi rasit da lambar bibiyar kaya, ka sa inshora idan kayan masu daraja ne.

Ƙasashe da yawa suna yafe haraji a kan kayan gida na mai ƙaura, amma sai ka nema. A Ingila ana cike fom ɗin ToR1 ta intanet kafin kayan su tashi. Sharaɗin shi ne ka zauna a wajen Ingila wata 12 a jere, kuma kayan sun yi wata 6 a hannunka. A Kanada, ranar da ka sauka za ka miƙa jerin kayan da ke biyo ka a fom BSF186, abin da ba ya cikin jerin kuma ana iya caza maka haraji a kansa daga baya. Amurka fom 3299 ne. Sababbin kaya a ledarsu, ko atamfa turmi ashirin iri ɗaya, kwastan zai ɗauke su kayan sayarwa. Kada ka aika komai sai kana da tabbataccen adireshi. Idan babu, kayan su zauna a gida a ɗaure, wani ya tura bayan ka kama haya.

9. Ɗauri da awo

Masu nauyi a ƙasa wajen tayoyi, sutura a nannaɗe maimakon ninkewa. Ka raba kayan kowa a jakunkuna daban-daban, yadda in ɗaya ta makara ba wanda zai rasa abin sawa. Kowace jaka ta tsaya a kilo 22, domin sikelin gida da na filin jirgi ba sa faɗin magana ɗaya. Suna da lambar waya a ciki da waje, sannan ka ɗauki hoton jakar a buɗe da a rufe.

Fawabanki da duk batirin da ba ya cikin na'ura jakar hannu kawai suke shiga, kuma wanda ya haura kimanin mAh 27,000 sai da izinin kamfanin jirgi. Ruwa-ruwa a jakar hannu kada ya wuce mililita 100 kowace kwalba. Gwal, kuɗi, waya da kwamfuta suna jikinka. Jaka ko takalmin fatar kada ko ta mesa, da duk abin da aka yi da hauren giwa, ana ƙwace su a ƙarƙashin yarjejeniyar kare namun daji. Tsofaffin kayan tarihi kuma ba sa fita sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Sai maganar saƙo. Za a kawo maka ƙulli a ce "ɗan yaji ne, ka kai wa ɗana". Ka buɗe shi a gaban mai shi, ka zazzage, ka sake ƙullewa da hannunka. Wanda ya ji haushin haka ya riƙe kayansa. Wanda ba ka sani ba kuwa, a filin jirgi ko a tasha, ko allura ce kada ka karɓa, domin duk abin da aka samu a jaka mai sunanka naka ne a wurin shari'a.

10. Makon ƙarshe

Layin wayar da ke haɗe da BVN da asusun bankinka ka buɗe masa damar aiki a waje, ka riƙa sa masa kati lokaci-lokaci, don layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani, saƙonnin bankinka su koma hannun baƙo. Ka canji 'yan kuɗin ƙasar da za su ishe ka mota da abinci na kwana biyu. Tsabar kuɗi da ta haura dala 10,000 sai an bayyana ta ga kwastan wajen fita Nijeriya da wajen shiga Amurka. A Ingila iyakar fam 10,000 ce, a Tarayyar Turai yuro 10,000. Wanda zai tura maka kago daga baya ka bar masa kwafin fasfo da biza da littafin lissafin kaya, da rubutacciyar takardar wakilci mai sa hannunka. Idan kayan suka iso, ka ƙirga kwalayen, ka duba ko an farke wani kafin ka sa hannu a takardar karɓa, kuma duk ɓarnar da ka gani ka rubuta ta a jikin takardar a gaban direban da ya kawo.